Yadda Ake Yawaita Dabino a Ɗakin Gwaje-gwaje

Manomin da ya shuka ƙwallon dabino a Daura ko a Katsina yakan jira shekaru kafin ya san abin da ya shuka, domin kusan rabin abin da zai fito maza ne waɗanda ba sa 'ya'ya, matan kuma ba lallai su gaji zaƙin uwarsu ba. Dasa tsiron da ke fitowa a gindin uwa yana magance wannan, sai dai uwa ɗaya ba ta bayar da tsiro mai yawa. Shi ya sa nake ganin ya kamata ɗalibanmu na aikin gona su ƙware a rainon tsiro cikin kwalba.

Ana farawa da zaɓen tsiron gindi daga macen da aka tabbatar da kyawun 'ya'yanta. A ɓare ganyen ɗaya bayan ɗaya har a kai ga farin tsakiyarsa mai taushi, a tsoma shi nan take cikin ruwan da aka narkar da sinadarin sitirik da bitamin C, domin da zarar iska ta taɓa shi yakan yi duhu kamar goron da aka fasa. Daga nan a jiƙa shi cikin ruwan bilic na kimanin minti 20, a ɗauraye sau uku da ruwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta.

Abincin da ake ɗora shi a kai shi ne haɗin sinadaran ciyar da tsiro da masana Murashige da Skoog suka fitar a 1962, tare da sukari giram 30 a kowace lita, da agar mai daskarar da shi, da sinadarin 2,4-D mai sa naman tsiron ya yi ta ƙaruwa, da garin gawayi na musamman giram 3 a kowace lita wanda ke tsotse gubar da naman tsiron ke fitarwa. A turara haɗin a tukunya mai matsi a zafin digiri 121 na minti 20.

Tsafta ce ke raba nasara da asara a wannan aiki. Dole a yi yankan naman tsiron da sanya shi a kwalba cikin akwati mai tace iska, a goge hannu da sifirit, a ƙona bakin wuƙa kafin kowane yanka, kuma a lokacin hunturu, da ƙura ke kutsowa ta kowace kafa, a ninka kulawa. Duk kwalbar da funfuna ta bayyana a cikinta a fitar da ita ranar, kada a yi mata kara.

A ajiye kwalaben cikin duhu a zafin digiri 27, ana sauya abinci duk bayan mako huɗu zuwa shida, har wani farin curi ya taso, abin da kan ɗauki fiye da wata shida. Ɗakin yana buƙatar wuta ba yankewa, don haka a tanadi sola tun farko. Kada a bar curin ya daɗe a kan 2,4-D, domin hakan na iya haifar da bishiyoyin da suka sauya hali, ba kuma za a gane ba sai sun girma. A mayar da shi kan abincin da babu sinadarin, a ba shi haske na awa 16 kullum, sai ƙananan tsirrai su fito, sannan a ba su sinadarin NAA kaɗan don su yi saiwa.

Kafin a kai su gona, a wanke agar ɗin daga saiwar, a dasa su a ƙasa mai tsafta, a rufe da leda a inuwa, ana buɗewa sannu a hankali na tsawon makonni. Mai neman ƙarin horo ya tuntuɓi reshen dabino na cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya (NIFOR) da ke Dutse a Jihar Jigawa.