Yadda ake kitso biyu mai kwanciya, salon Faransa

Kitso biyu yana da sauƙin gani, amma ba ya rufa wa mai yi asiri. A ƙananan kitso idan layi ɗaya ya karkace sauran za su ɓoye shi. A nan tsaga ɗaya ce tal, kowa kuma ita zai fara kalla. Salon da ake kira na Faransa shi ne wanda ake ɗora gashin gefe a kan na tsakiya, sai kitson ya nutse ya kwanta a fatar kai. Idan aka bi da gashin ta ƙarƙashi, kitson tasowa yake yi sama, wannan kuma wani salon ne daban. Ki zaɓi ɗaya tun farko, domin haɗa su a kai ɗaya shi ke sa ɓangare guda ya yi tudu, ɗayan ya lafe.

Ki tanadi mataji mai manyan haƙora, da kibiya ko mataji mai tsinin bindi don tsaga, da man kaɗanya ko na kwakwa, da ruwa a 'yar kwalbar fesawa, da robar gashi guda uku. Idan da kanki za ki yi, sai madubi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a hannu.

Rabin aikin a shirin gashi yake. Gashinmu mai cika ne, yana kuma tsukewa da zarar ya sha ruwa ya bushe, shi ya sa wanke kai a shiga kitso nan take ba ya ba da kyau. Bayan wanki ki raba gashin huɗu ko shida, ki shafa wa kowane kashi mai kamar girman ƙwayar gyaɗa, ki taje daga baki ki hauro zuwa tushe. Wadda ta fara daga tushe tana tura cukurkuɗar ne ƙasa har ta zama ƙulli, daga nan sai karyewa. Kowane kashi ki yi masa kalaba ko ki naɗe shi da zare, ki bar shi ya kwana. Da safe idan kin tsefe za ki same shi a miƙe, ya yi laushin kamawa. Kada ki cika mai: hannu zai riƙa santsi, gashi yana zame miki.

Tsaga kuma ki daidaita ta da karan hanci. Ki ɗora tsinin kibiya a tsakiyar goshi, ki ja a hankali har ƙeya, sannan ki duba baya da madubi, domin daga tsakiyar kai ne hannu ke soma karkata wajen da ya fi ƙarfi. Ki ɗaure ɓangare ɗaya da roba tamau, kada silinsa su shigo cikin wanda kike yi.

A ɓangaren da kika bari, ki ɗebi gashi a gaban goshi kusa da tsaga, faɗin yatsu biyu, ki raba shi uku daidai: na dama, na tsakiya, na hagu. Ki ɗora na dama a kan na tsakiya, ya koma shi ne a tsakiya. Ki ɗora na hagu a kan sabon na tsakiyar. Wannan shi ne tushe, ba a ƙara masa komai. Daga nan, duk lokacin da za ki tsallaka da kashin gefe, sai ki fara ɗebo sabon gashi daga gefen nasa, faɗin yatsa ɗaya, ki haɗa su, sannan ki ɗora a kan na tsakiya. Na wajen tsaga yana ɗiba daga bakin tsaga, na wajen kunne yana ɗiba daga bakin gashi. Na tsakiya ba a ƙara masa.

Ɗibar nan ita ce ke nuna gwana. Ki ja ta da yatsa ko kibiya a miƙe, tun daga bakin layi har jikin kitson, kada ki tsinto daga kusa ki bar na nesa, don shi ne zai zo ya yi kumburi daga baya. Girmanta ya zama ɗaya daga sama har ƙasa. Bayan kowace tsallakawa ki zura yatsu cikin kasun ukun har bakinsu. Idan ba haka ba, ƙasan gashin yana kitsa kansa ta baya, kafin ki kai kunne ya cukurkuɗe. Hannuwanki kuma su kasance manne da kai. Da kin ɗaga su, kitson ya bar fata ke nan, zai yi sako-sako, kuma ba a gyara shi sai an tsefe zuwa inda ya saki.

Kitso yana bin inda hannu ya ja shi. Ki bi da shi tsaka-tsaki tsakanin tsaga da kunne, ya ɗan lanƙwasa ta bayan kunne ya sauka ƙeya. Mai yi wa kanta za ta ji kafaɗa ta gaji daidai wurin nan. Ki riƙe kasun ukun a tsakanin yatsun hannu ɗaya, ki huta, kada ki saki.

A ƙeya akwai kuskuren da har masu kitso ke yi. An saba cewa wadda ake yi wa ta sunkuya, amma idan aka kama gashin ƙeya kai yana sunkuye, tana ɗagowa wurin zai saki ya yi jaka. A ɗiba biyun ƙarshe kai ya miƙe. Idan gashi ya ƙare, ki ci gaba da kalaba har baki, ki ɗaure da roba marar ƙarfe, ko ki murɗa bakin a yatsa da ɗan mai idan gashin ba a sa masa rilaksa ba.

Ɓangare na biyu ya fi wuya, domin sai ya yi kama da na farko. Ki fara a daidai tsayin da kika fara wancan, ki kuma ƙirga ɗiba: idan takwas kika yi a dama, takwas za ki yi a hagu.

Game da tsauri: kitso ya kama, amma kada ya ja gira sama. Ciwon kai, ko ƙananan ƙuraje a bakin goshi da ƙeya, alama ce ta an ja da yawa, kuma yawan yin haka shi ke cinye gaban kai, wani lokaci gashin ba ya dawowa. Ƙananan gashin goshi da ba su kai kamu ba a bar su, a kwantar da su da mai da ɗan buroshi. Ga yara ma a fi sassautawa.

Kitson yakan yi kwana uku zuwa mako guda kafin ya tashi. Da dare ki ɗaura ɗankwali mai santsi, domin na auduga yana shanye mai, musamman da hunturu. Idan za ki sa hijabi ko ɗauri, ki gicciya jelolin biyu a ƙeya ki soke bakinsu a ƙarƙashin kitson, kai zai kwanta ba tudu. Kada dai ki rufe shi da sauran danshi a ciki, yana kawo wari da ƙaiƙayi.