Daga Maraɗi zuwa Barazil: yadda za ka shirya tafiyar hutu

Mu mutanen Maraɗi ba a koya mana tafiya. Kano kullum muna kan hanyarta, Kwatano da Lome mun san lungunansu, alhazanmu kuma sun saba da Dubai da Sin. Sai dai duk wannan neman halali ne ko sauke farali. Mutum ya ce zai ɗauki kuɗinsa ya je ya ga ƙasa kawai, ba saro ba, ba aikin hajji ba, sai a riƙa dubansa a majalisa. To ni ina cikin waɗanda aka duba, kuma ƙasar da na zaɓa Barazil ce. Wanda yake da niyya, ga abin da zai buƙata.

Ka fara da sanin cewa ba za ka ga Barazil ba, za ka ga wani yanki nata ne. Faɗinta murabba'in kilomita miliyon 8.5, kusan Nijar bakwai ke nan, kuma mutanenta sun haura miliyon 200. Daga Sao Paulo zuwa Salvador, in a kar ne, sai ka yi sama da awa 30 a zaune. A jirgi awa biyu da ɗan wani abu. Don haka ka zaɓi gari uku ka tsaya a kansu. Shawarata Sao Paulo, Rio da Salvador. In aljihu bai kai ba, a jefar da Rio, kada a jefar da Salvador. Dalili yana nan tafe.

Lokaci a can a juye yake, domin yawancin ƙasar yana kudu da tsakiyar duniya. Disamba zuwa Maris, lokacin da muke fama da hunturu da hazo, su suna cikin zafi da ruwan sama. Yuni zuwa Agusta, muna tsakiyar damina, su suna sanyi. A Sao Paulo da asuba yakan sauka wajen digiri 10, ga ɗakunan ba abin ɗumama su. Salvador kuma daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ne ba ƙaƙƙautawa. Ni a ganina Satumba zuwa Nuwamba ya fi: sanyi ya wuce, zafi bai kankama ba, a gida kuma wajen ƙarshensa gero ya shiga rumbu, hankalin mutum a kwance. Ka guji makon kanibal, bikinsu na raye-raye a tituna, wanda ke faɗowa a Fabrairu ko farkon Maris. Kuɗin otel yana ninkawa, tituna a cushe, abin da ido zai gani kuma ba na mai alwala ba ne. A 2027 ma daidai farkon azumi zai faɗo.

Takarda ita ce mai cin lokaci. Ɗan Nijar sai da biza. Barazil tana da ofishin jakadanci a Abuja da Kwatano da Wagadugu, da ƙaramin ofishi a Legas. Ka rubuta musu tun da sauran wata uku ka ji wanda zai karɓi takardunka, kada ka kama hanya da zato. Ana cika takardar neman biza a intanet, a ɗora hoto, a buga rasit a sa hannu, sannan a kai da fasfo. Bizar ziyara tana ba da dama har kwana 90. Za su so ganin tikitin zuwa da dawowa, da shaidar otel, da takardar aiki ko ta kasuwanci, da bayanin asusun banki na watannin baya. A nan ne yawancinmu ke tuntuɓe. Alhaji yana juya miliyoyi a Babbar Kasuwa amma asusunsa fayau, domin kuɗin na cikin kaya da bashi da aljihun riga. Ya tashi ya zuba miliyon biyar rana ɗaya ana gobe zai buga takarda, mai duba takardar kuwa ba yaro ba ne. Tun da wuri ka riƙa shigar da ciniki ta banki, a ga yana shiga yana fita.

Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, ka nemo shi daga inda aka ajiye shi bayan hajji. Allura ɗaya ta isa har iyakar rai, amma in sabuwa ce sai ta kwana 10 kafin ta fara aiki. Ka riƙe maganin sauro na shafawa, domin zazzaɓin dengue ya yi yawa a biranensu, kuma sauronsa da rana yake cizo.

Jirgi kuma, kana da ƙofa biyu. Yamai tana da nisan kilomita 660 ko kusa da haka a kan babbar hanya. Kano ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina ba ta kai rabin wannan ba. Ethiopian yana tashi daga duka biyun ya kai ka Adis Ababa, daga can kuma wajen awa 12 kai tsaye zuwa Sao Paulo. Ka yi gabas don ka je yamma, haka abin yake. Daga Yamai akwai Royal Air Maroc ta Kazablanka, wadda ta fi gajarta, da Turkish ta Istanbul. Ka gwada farashin dukkansu, ka kuma guji tikitin da zai sauke ka a Turai, don kada batun bizar wucewa ya taso maka a filin jirgi. Tikitin nan shi ne babban kashin kuɗin tafiyar; in ya doshi miliyon ɗaya na sefa kada ka yi mamaki. Jiragen cikin gida uku ne manya, LATAM da Gol da Azul, kuma tikitinsu mai araha ba ya haɗa da akwati, sai ka biya daban.

Sefa ba ta da amfani a can, ba mai canza ta. Ka tafi da yuro, tunda farashinta da sefa a tsaye yake, yuro ɗaya sefa 655.957, ko dalar Amurka. Kuɗinsu sunansa real. Amma kada ka dogara da tsaba: ƙasa ce da mai sayar da kwakwa a bakin teku ma yana da na'urar kati. Ka karɓi katin Visa a bankinka, ka tabbatar sun buɗe maka shi don waje. Su ƴan ƙasa da Pix suke biya, tsarin tura kuɗi ta waya da babban bankinsu ya kawo a 2020, sai dai yana buƙatar asusu a can. Akwai kuma wata lamba, CPF, ta masu biyan haraji, wadda za a yi ta tambayarka wajen sayen layin waya ko tikitin kar a intanet. Baƙo ma yana iya samunta kyauta ta ofishin jakadanci. Ka nema lokacin da kake neman biza, ka huta.

Kilishi da goro, ka haƙura da su. Jami'an noma a Guarulhos, filin jirgin Sao Paulo, suna kwace nama da ɗanyun ƴaƴan itace da iri. Ga cajar wayarka mai ƙafa biyu kuwa, tana shiga soket ɗinsu lafiya.

Harshensu Fotugis ne, Ingilishi ba ya kai ka nisa. Wanda ya yi lakwal yana da sa'a, domin Faransanci zai sa ya gane rabin abin da ke rubuce a allo, ko da bai ji abin da ake faɗa ba. Ka sauke manhajar fassara wadda ke aiki ba intanet.

Abinci na son lura. Shinkafa da wake ne abincin kullum, abin da zai faranta ran Bahaushe, amma sau da yawa da kitsen alade ake dafa waken, haka ma garin rogon da suke soyawa su barbaɗa. Feijoada kuwa, wadda suke alfahari da ita, alade ce tsantsa. Ka haddace kalmomin nan, in ka gan su akwai alade a ciki: porco, bacon, linguiça, presunto, toucinho. Gidajen abinci masu awo sun fi sauƙi: ka ɗebi abin da idonka ya gani, a ɗora faranti a sikeli, ka biya nauyinsa. Kifi, ƙwai, ganye, ƴaƴan itace, ba ka da matsala. Barazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da kajin halal, amma na fitarwa ne. Naman mahautar unguwa ba lallai yankan Musulmi ba ne. A Sao Paulo ka nufi unguwannin Brás da Pari, inda Larabawan Labanon da Siriya suka daɗe, akwai masallaci da mahautan halal. Masallaci mafi daɗewa a ƙasar, Mesquita Brasil, yana unguwar Cambuci. Agogonsu yana bayan namu da awa huɗu. Alƙibla kusan irin ta gida ce, gabas ka ɗan karkata arewa, amma kada ka auna da rana, domin a Sao Paulo da tsakar rana ta arewa take bi, inuwarka ta faɗi kudu.

Na san Bamaraɗe, ko hutu ya je sai ya leƙa kasuwa. Brás ɗin nan ita ce matattarar tufafi, titin 25 de Março kuma na tarkace da kayan ado. Ka je da sassafe, jakarka a gaba. Daga tashar Tietê ta Sao Paulo kar na kai ka Rio cikin awa shida. Rio kyakkyawa ce, ba gardama: a hau dutsen Corcovado inda babban gunkin Almasihu na 1931 yake, a hau keken igiya zuwa dutsen Pão de Açúcar, mai son ƙwallo ya shiga Maracanã. Kwana biyu ko uku sun isa. Waya kada ta fito a titi. Ka shiga shago ka duba abin da za ka duba. Da dare ka kira tasi ta manhajar Uber ko ta 99. Lambar ƴan sanda 190, motar asibiti 192. In aka tare ka, ka miƙa.

Yanzu Salvador. Ita ce babban birnin ƙasar na farko, daga 1549 zuwa 1763, kuma tana cikin manyan tashoshin da aka sauke bayi. Barazil ta karɓi ƴan Afirka sama da miliyon 4, ba ta haramta bauta ba sai 1888. Jihadin da Shehu Usmanu ya fara a 1804, wanda ya kori sarautar Katsina har Ɗan Kasawa ya zo ya zauna Maraɗi wajen 1819, shi ne ya cika kasuwannin bayi da kamammun yaƙi na ɓangarorin biyu. Da yawansu an gangara da su bakin teku, aka sa su a jirgi zuwa jihar Bahia, inda Salvador take. Wato yaƙin da ya kafa mana gari shi ya kai ƴan'uwanmu can. Ba su zauna shiru ba. A 1807 aka gano wani shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla a birnin, a 1814 suka tashi a Itapuã, wurin masunta. Babban shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da Musulmi wajen 600 suka fito da fararen riguna da layu. Yawancinsu Yarbawa ne, amma akwai Hausawa, ciki har da wani malami mai sayar da taba da ake kira Dandará. An murƙushe su kafin gari ya waye sosai, a barikin mahaya na Água de Meninos. Takardun da aka cire daga jikinsu, ayoyi da addu'o'i da rubutun Larabci irin na allo, suna ajiye a gidan adana tarihi na jihar.

Duk wannan da ƙafa ake ganinsa. Ka tsaya a dandalin majalisar gari, kusa da lif ɗin Lacerda da ke haɗa garin tudu da na gangare. Gangaren Ladeira da Praça, inda faɗan ya fara, yana nan gefe. Ka taka zuwa Pelourinho, tsohon gari mai daɓen duwatsu, ka shiga gidan tarihin Afirka da ke Terreiro de Jesus. Ka ɗauki ɗan jagora, ka gaya masa kai Bahaushe ne, ka ga yadda fuskarsa za ta sauya. Sun karanta sunanmu a makaranta, ba su cika ganinmu ba. Da la'asar za ka ga mata da fararen kaya da ɗaurin kai suna suya a bakin titi. Ƙosai ne, na wake, amma a manja, babba kamar dunƙulen hannu, a tsaga shi a cusa jatan lande da barkono. Sunansa acarajé. In mai suyar ta tambaye ka ko kana so da zafi, yaji take nufi, kuma yajinsu ba wasa. Juma'a kuwa ka yi ta a cibiyar Musulunci da ke unguwar Nazaré, ba nisa da nan.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi duk na baya nauyi. Mun saba da karɓar saƙo. Mai tafiya ba ya ƙin riƙe wa ɗan'uwa ƙulli. A Barazil ka ajiye wannan al'ada. Hanyar Sao Paulo zuwa Afirka ta Yamma sananniya ce ga masu safarar hodar ibilis, ƴan sandan tarayya kuma suna sa ido sosai a kan jiragen da ke zuwa wajenmu. Wani zai yi maka Hausa mai daɗi a Brás, ya ce takalma ne kawai za ka kai wa ƙanensa a Kano. Ka ce masa kilonka ya cika. Akwatinka kai za ka shirya shi, ka sa kwaɗo, ka sa a naɗe shi da leda a filin jirgi, kuma ka isa Guarulhos da sauran awa huɗu, domin layin masu fita yana da tsawo.