Yadda za ki rage abincin leda a gidanki ki koma ga abincin mudu

Ranar da aka auna maigidana aka ce jininsa ya hau, da muka dawo gida na je zubar da ɓawon albasa, sai idona ya sauka cikin kwandon shara. Abin da muka ci a kwana biyu ne kwance a gabana: ledojin taliyar yara, takardun dunƙule ba adadi, ledar tumatir, ledar madara, robar lemo, ledar biskit. A garin Gombe fa, inda manyan motoci ke lodin wake da masara a Tudun Hatsi su nufi Kudu da su. Mu da muke zaune a bakin rumbu, leda muke ci.

Kafin mu shiga matakan, mu fahimci juna. Ba duk abin da aka sarrafa ba ne abin gudu. Surfe sarrafawa ne, niƙa ma haka, shanyar kuɓewa da haɗa daddawa duk sarrafawa ne. Wanda ake magana a kai shi ne abincin da aka ƙera a masana'anta da kayan da ba za ki same su a madafinki ba, aka cika shi da sukari ko gishiri ko mai, aka sa masa kala da ƙamshi. A 2019 masu bincike a Amurka sun ajiye mutum 20, suka ciyar da su irin wannan abinci mako biyu, sannan abinci ɗan asali mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sai da kowane mutum ya riƙa cin ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 500 a yini, nauyinsa ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Abinci ne mai saurin wucewa a maƙogwaro, kafin ciki ya ce ya isa an riga an zarce.

Mataki na farko: kada ki zubar da komai

Na san zafin nama irin namu. Yau a ji wa'azin likita, gobe a kyautar da katan ɗin taliya, jibi yara su yi bore, gata a aika shago a sayo wani. Bar komai a inda yake. Mako guda kawai ki riƙa lura: dunƙule nawa ke shiga tukunya a yini, cokalin sukari nawa a shayi, lemo nawa aka sha. Ki rubuta a bayan kalanda. Abu biyu ko uku za ki ga sun fi yawa, da su za ki fara.

Mataki na biyu: fara da abin sha

Nan ne riba ta fi yawa, wahala ta fi ƙanƙanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kusan giram 50 a yini ga babban mutum, wato ƙaramin cokali 12, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Da yawa daga cikin lemon kwalba na ɗauke da kusan giram 10 a kowane mililita 100. Ke nan roba ɗaya mai rabin lita ta cinye kason yini gaba ɗaya, tun ba a zo kan shayin safe ba. Lemon kwali da ake kai wa marar lafiya asibiti da sunan na 'ya'yan itace ne, shi ma sau da yawa sukarinsa bai gaza haka ba.

Abin da za ki maye gurbinsa da shi kin riga kin iya: zoɓo da citta da kanumfari, ruwan tsamiya, kunun aya, kunun zaƙi. Amma a nan ne ake gudu ba a tsira ba. Na sha zoɓo a gidan biki wanda ya fi lemon kwalba zaƙi, har yana kama leɓe. In za ki zuba gwangwanin sukari a bokitin zoɓo, sunan abin kawai kika canja. Ki rage kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin da kika saba a makon farko, bayan mako biyu ki sake ragewa. Abarba ko kokwamba a cikin zoɓo na rufe tsamin. Kunun aya kuwa dabino kaɗan ya ishe shi, sai dai ki sani dabino da zuma da mazarƙwaila duk dangin sukari ne, mai ciwon sukari ba zai sake da su ba.

Fura da nono abinci ne cikakke, in dai ba a binne ta da sukari ba. Ki nemi kindirmon da aka tafasa madararsa kafin a ɗaura, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da cutar da ke jikin saniya.

Mataki na uku: dunƙule da gishiri

Wannan shi ne babban yaƙin, kuma ni kaina ban ce na gama shi ba. Iyakar gishirin da hukumar nan ta ba babba a yini bai kai giram 5 ba, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya a shafe. Ba na cikin kwalbar gishiri kaɗai ake nufi ba, har wanda ke ɓoye. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Ledar taliyar yara ɗaya da ƙullin cikinta na iya kusantar rabin kason yini. Burodi na da gishiri ko da ba ki ji shi a baki ba, haka kifin gwangwani. Kanwa ma, da muke jefawa a wake da miyar kuka da ɗanwake, tana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke sa gishiri hawar da jini.

Kada ki daina dunƙule rana ɗaya, miyar za ta yi salam, a ce hannunki ya lalace. In shida kike sawa, ki koma huɗu ba tare da kin sanar da kowa ba. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni, daga nan ki koma biyu. Gurbin da aka bari kuma sai a cike shi da abin da kakanninmu suka yi miya da shi. Ki daka daddawar kalwa da citta da masoro da tafarnuwa da ɗan kanumfari, ki haɗa da garin busasshen kifi ko ƙananan jatan lande busassu, ki zuba a kwalba mai murfi. Cokali ɗaya ko biyu a tukunya. Sirrin shi ne ki sa daddawar da wuri ta dahu tare da albasa da ƙashi, warin ya fita, ɗanɗanon ya zauna. Wadda ta barbaɗa ta ana dab da saukewa ita ce ke cewa yaranta ba sa son daddawa. Albasa kuma ki ninka ta, ki soya ta a hankali har ta yi ja.

Wake in kin jiƙa shi tun dare zai nuna ba sai da kanwa mai yawa ba, ga ragin gawayi.

Leda ɗaya ce zan ce ki riƙe: gishiri mai aidin. Shi ke hana maƙoƙo, kuma ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki na buƙatar aidin. A rage yawansa, amma kada a sauya shi da gishirin da ba a san asalinsa ba.

Mataki na huɗu: karin kumallo da kwandon makaranta

Shayi da burodi da taliyar yara sun ci kasuwa ne saboda sauri, ba don sun fi koko da ƙosai daɗi ba. Uwar da za ta shirya yara huɗu kafin ƙarfe bakwai da rabi ba ta da lokacin surfa wake da asuba, kuma duk mai ba da shawarar da bai san wannan ba bai taɓa shirya ɗan makaranta ba. Dabarar ita ce a raba aikin. Ranar Asabar ki surfa wake mudu guda, ki shanya ya bushe ƙarau, a niƙo miki gari. Da garin nan alale ko ƙosai aikin 'yan mintuna ne. Gasarar koko ki yi ta kwana uku, kina canja mata ruwa kullum. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa a roba na jiran kunun gyaɗa da miyar taushe.

A kwandon makaranta, maimakon biskit da lemon kwali: dafaffen ƙwai, dankalin Hausa, alale, awara, gurjiya, ayaba, yankan kankana ko gwanda, da gorar ruwa. Yaron da bai kai shekara huɗu ba kada a ba shi gyaɗa ko aya ƙwaya-ƙwaya, tana iya sarƙe shi. Ranar da ba makawa sai taliyar, ki sa rabin ƙullin, ki yanka kabeji da karas, ki fasa ƙwai. Ƙosai da awara kuma suya ce, ba kullum ba, kuma man da ya yi baƙi don maimaici a zubar.

Mataki na biyar: koma wa hatsi, ki sassauta surfe

Garin tuwo na leda da farar taliya da fulawa an cire musu dusa, an bar farin tsakiyar. A dusar nan ne abin da ke hana taurin bayan gida yake, mai sa sukari ya shiga jini a hankali, tare da wani kaso na bitamin B. Mu ma a gida muna yin wannan ɓarnar: a kai dawa inji a surfe ta fes, a ba awaki mai amfanin. Ki ce wa mai inji ya yi surfe sama-sama, ko ki wanke gero da dawa ki shanya a niƙa haka nan. Tuwon zai yi duhu, zai ɗan yi kaushi, don haka ki fara da haɗa rabi da rabi.

Masara da gyaɗa sai an yi hattara. Wadda ta sha danshi a ajiya tana yin fumfuna mai dafin da ke lahanta hanta, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Ki tsince duk ƙwayar da ta canja kala ko ta motse, in kuma ba ki yarda da ajiyar masarar ba, gara ki surfe ta.

Shinkafa 'yar gida da ake turarawa kafin a cashe, irin wadda ake nomawa a Dadin Kowa, ta fi farar da aka goge ƙal riƙe amfaninta. Acca, da ake samu daga wajen Tafawa Ɓalewa da Bogoro a jihar Bauchi, tana yin fate da dambu masu daɗi, in kin iya rairaye yashinta. Sai dai tuwo tuwo ne. Malmala uku ta gero ba magani ba ce don kawai gero ne.

Mataki na shida: miya ta fi tuwo yawa

Awon da ake so na ganye da 'ya'yan itace shi ne aƙalla giram 400 a yini. Ba sai kin sayi sikeli ba: rabin faranti ya zama ganye ko kayan lambu, ragowar a raba tsakanin tuwo da wake ko kifi ko nama. Zogale, rama, yakuwa, alayyafo, karkashi, ɗanyar kuɓewa, kabewa, yalo, duk namu ne. Kwaɗon zogale da ƙuli da tumatir da albasa abincin rana ne sukutum. Ganye a sa shi daga ƙarshe, kada a dafa shi har ya yi baƙi. Matsa lemon tsami a kan wake ko ganye na taimaka wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini, shayi a kan abinci kuwa rage shi yake yi.

Mataki na bakwai: cefane

Maigida, wannan naka ne. Kai da ke tsayawa a shago da yamma ka sayi komai ƙulli-ƙulli, ka gwada awon wata lokacin kaka, sa'ad da hatsi ke araha: gero, dawa, wake, gyaɗa. Waken a shanya shi sosai a zuba a jarka mai murfi a toshe, rashin iska zai kashe ƙwarin ba sai an sa magani ba. Wanda aka sayo a kasuwa kuma a wanke shi da kyau, in yana warin magani a bar wa mai shi kayansa. Da rani, in tumatir da tattasai suka cika kasuwar Kwadon da ke kusa da Gombe, a sayi kwando, a yanka a yi kauɗa, ko a markaɗa a tafasa har ruwan ya ƙone. Shi ke raba gida da tumatirin leda lokacin damina.

In kuma dole sai an sayi na leda, a juya bayanta. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka in sukari ya zo na ɗaya ko na biyu, alewa ce aka canja wa suna. Adadin sodiyam da aka rubuta, a ninka shi sau biyu da rabi, shi ne gishirin. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Mai shan maganin hawan jini ko na sukari kada ya ajiye maganinsa don an canja tukunya. Ya gaya wa likitansa abin da ake ciki, domin in abinci ya sauya sukari na iya sauka fiye da kima, sai an daidaita maganin. Mai ciwon ƙoda shi ma sai ya tambaya kafin ya yawaita ganye da wake da ayaba.

Bayan wata guda ki ɗauko kalandar nan ki sake ƙirga, a kuma je a sake awon jini. A gidanmu dunƙule bai ƙare ba, biyu ke shiga tukunya maimakon shida, lemo kuma sai an yi baƙi. Autana har yanzu yana tsince zogale daga dambu yana tarawa a gefen faranti, ni kuma na koma daka busasshen ganyen ina zubawa a miyar kuka, inda ba ya ganinsa.