Kurakuran da aka fi yi wajen saita kwamfiresar sauti

Aikin kwamfiresa shi ne rage tazarar da ke tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni, ta hanyar danne duk abin da ya haura iyakar da aka sa mata. Yawancin kurakurai suna tasowa ne daga ɗaukarta a matsayin na'urar ƙara ƙarfin sauti, alhali ragewa take yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sauke tireshol, wato iyakar da dannewa ke farawa daga gare ta, ƙasa sosai, sannan a haɗa shi da babban reshiyo. Reshiyo 4:1 yana nufin cewa a duk desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 4 da suka haura iyaka, 1 ne kawai zai fita, saboda haka sautin da ya haura da desibel 12 zai fita da 3, an zaftare masa 9. Idan aka yi wa kowace kalma haka, murya takan fito a shaƙe, babu hawa babu sauka. Gyaran shi ne a fara da reshiyo 2:1 zuwa 4:1, a riƙa sauke iyakar sannu a hankali ana kallon mitar da ke nuna yawan ragewa, har ta nuna desibel 3 zuwa 6 a kan kalmomin da suka fi ƙarfi, ta kuma koma sifili idan mai magana ya yi shiru. Daga 10:1 zuwa sama, aikin ya zama na limita, wato na'urar da ke hana sauti wuce iyakar da aka sa.

Akwai kuma yaudarar kunne, wadda a ganina ta fi sauran haɗari, domin mai saitin ba ya gane cewa ta kama shi. Kunne yakan fifita sautin da ya fi ƙarfi ko da bai fi kyau ba, don haka wanda ya cika maɓallin mayar da ƙarfi, wato wanda ke ɗago sautin bayan an danne shi, sai ya zaci ya gyara muryar. A mayar da gwargwadon abin da aka rage kawai, sannan a kashe kwamfiresar a kunna ana kwatantawa, ƙarfin biyun daidai yake. Wannan ƙarin yana ɗago hayaniyar ɗaki da numfashi tare da muryar, kuma a wurin taro yakan jawo kukan lasifika.

Saurin kamu da saurin saki, wato saurin da kwamfiresa ke fara dannewa da saurin da take dainawa, su ma suna buƙatar natsuwa. Kamu mai tsananin sauri yana cinye farkon bugun ganga da kaifin baƙaƙe, shi ya sa milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa) 10 zuwa 30 ya fi dacewa a fara da shi idan ana son bugun ya fito. Saki mai gajarta yana sa sauti ya riƙa kumbura yana sacewa, yana kuma gurɓata sauti mai kauri, tun da zagaye ɗaya na sautin hez 50, wato mai zagaye 50 a daƙiƙa, yana ɗaukar milisakan 20. Idan kuma sakin ya yi tsawo, kalma mai rauni da ta biyo bayan mai ƙarfi sai ta nutse.

Saitin da na'ura ta zo da shi bai san ƙarfin sautin da ke shiga ba, dole ne a sake daidaita iyakarsa. Sautin da ya riga ya fashe tun daga makirufo kuwa, kwamfiresa ba ta gyara shi, sai dai a rage ƙarfin shigarsa tun daga tushe.