Yadda ake rage rassan bishiya da ƙaramin injin zarto na hawa

Daga watan Afrilu zuwa farkon Yuni aikinmu yake yawa a Kano. Kowa ya san iskar da ke zuwa gaban ruwan fari, kuma duk mai darbejiya ko mangwaro a tsakar gida yakan fara duban reshen da ya rataya a kan kwanonsa. Ni sana'ata ke nan, hawa bishiya da rage mata nauyi, daga madatan Nasarawa da Bompai zuwa darbejiyar lungunan Gwale. A 'yan shekarun nan matasa da yawa sun ajiye gatari da adda sun koma ƙaramin injin zarto mai mariƙi a sama. Ina murna da haka, amma yadda wasu ke riƙe shi yana tayar mini da hankali.

Injin nan nauyinsa daga kilo biyu da ɗan wani abu ne zuwa kusan huɗu, kafin a zuba mai a ɗaura sarƙa. Ƙarfen da sarƙar ke zagayewa gajere ne, santimita 25 zuwa 35. Stihl da Husqvarna da Echo duk suna yin sa, kuma dukkansu sun rubuta cewa na wanda ya koyi aikin hawa ne, ba na yankan itace a ƙasa ba. Dalili kuwa, mariƙansa biyu suna kusa da juna, don haka idan ya yi tsalle, wato ya zabura baya ya nufo ka, ba ka da ƙarfin danne shi kamar babban inji. Rashin nauyin nan shi ke jan mutum ya riƙe reshe da hagu ya yi yanka da dama. Kada ka yi. Sarƙar tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma hannun hagun da ke riƙe da reshe shi ne abin da ya fi kusa da ita. Hannu biyu a kan inji, babban yatsa ya zagaye mariƙin gaba, igiya ce za ta riƙe ka.

Ke nan kayan hawa suna gaba da injin. Kana buƙatar ɗamarar hawa mai zagaye ƙugu da cinyoyi, da doguwar igiyar hawa ta gaske, ba ta rijiya ko ta ɗaure kaya ba, da gajeriyar igiya da za ka zagaya jikin bishiyar, da ƙugiyoyi masu kulle kansu. Kafin ka taɓa inji ka kasance a ɗaure wuri biyu daban-daban, yadda ko sarƙa ta ci igiya ɗaya, ɗayar tana nan. Sai hular kwano mai igiyar haɓa, tabarau, abin toshe kunne, takalmi mai ƙarfi da wandon da aka yi don tsayar da sarƙa. Na san wandon nan yana da zafi a ranar bazara. Maganinsa a fara aiki bayan asuba a sauko kafin rana ta take, a sha ruwa sosai. Tsani kuwa na isa reshen farko ne kawai, ba a yanka a kansa.

Mai: fetur lita ɗaya, man gauraye na irin wannan inji mililita 20, wato kashi 50 da 1. Jarkar lita biyar tana cin mililita 100. Ka auna da sirinji, ka girgiza, kada ka haɗa wanda zai wuce wata guda a ajiye. Ɗaya tankin na man sarƙa ne, kuma a nan mutane suke zuba baƙin man da aka juye daga mota don sauƙi. Yana toshe famfon, yana cinye ƙarfen, ya kuma fantsama a kan raunin bishiyar. Duk sanda ka zuba fetur ka cika man sarƙa. Lokacin hunturu ƙurar Kano tana cika filtar iska cikin yini guda, sai ka ji inji yana shaƙewa, don haka a buɗe a kaɗe ta kowace yamma.

Kafin hawa ka zagaya bishiyar sau biyu kana kallon sama. Nemi kogo, ɓawon da ya ɗaye, hanyar gara, gidan rina ko na zuma. Bishiyar bakin titi ba ta rabuwa da ƙusoshi da guntayen waya da masu shago da masu manna takarda suka bari, kuma ƙusa ɗaya ta isa ta dakushe sarƙa. Idan wayar lantarki ta ratsa cikin rassan ko tana kusa, aikin ya tsaya sai an je ofishin kamfanin wutar lantarki na KEDCO na yankin sun kashe layin. Kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta, ana iya dawo da ita kana sama, kuma wutar lantarki tana bi ta jikin ɗanyen reshe. In bishiyar ta gwamnati ce a bakin titi, a nemi izinin Ma'aikatar Muhalli. In ta rataya gidan maƙwabci, a yi masa sallama tukuna, in ya so a sanar da mai unguwa.

A ƙasa ake fara tayar da injin, ya yi ɗumi, ka gwada birkin sarƙa, ka nuna bakinsa ga wani katako ka ga ko mai yana fita. Sai ka kashe. Ka hau ba tare da shi ba, in ka zauna daram abokin aikinka ya ɗaura shi a igiya ka jawo, ka maƙala shi a ɗamara da igiyarsa. Abokin nan ba ɗan kallo ba ne. Shi ke korar yara da 'yan adaidaita sahu daga ƙarƙashi, shi ke riƙe igiyar sauke reshe, kuma ya kamata ya iya hawa ya sauko da kai in wani abu ya faru. Ba a wannan aiki mutum ɗaya.

Yanzu yankan. Reshe mai nauyi in ka sare shi daga sama kai tsaye, kafin ka gama zai karye ya yage ɓawon har gangar jiki, kuma mangwaro ya fi kowa wannan hali. Shi ya sa ake yanka uku. Na farko daga ƙasan reshen, kamar santimita 30 zuwa 40 daga gangar, ka shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa ka tsaya kafin ya matse sarƙar. Na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan da na farko, har reshen ya faɗi. Saura kututture. Duba gindinsa, za ka ga wani ɗan kumburi inda reshe ya haɗu da uwar bishiya. Yanka na uku a bakin kumburin nan yake, daga waje. In ka shafe shi ka yanka daidai da gangar, raunin ba zai rufe da wuri ba, ruɓa ta shiga. In ka bar dogon kututture, shi zai bushe gara ta bi ta nan. Kumburin ne yake tsiro ya rufe wurin, kuma ba ya buƙatar fenti.

Tsallen inji yana zuwa ne idan ɓangaren sama na bakin ƙarfen ya taɓa wani abu. A cikin rassa masu cunkoso wannan abu ne mai sauƙin faruwa, don haka ka san inda bakin yake kowane lokaci, ka tsaya gefe da layin yankan, kada ka ɗaga inji sama da kafaɗa. Duba inda igiyoyinka biyu suke kafin ka matsa wuta. Za ka canza wuri, danna birki. Wurin da nisa, kashe injin. Ƙananan rassan da ba su wuce kaurin hannu ba, zarton hannu ya fi sauri da aminci.

Inda nake yawan jayayya da masu gida shi ne idan suka ce a yi wa darbejiya ƙwal-kwabo don a huta. Ba hutu a ciki. Za ta fito da tarin sababbin rassa masu saurin girma waɗanda ba su kama jikinta sosai ba, bayan 'yan shekaru su ne iska za ta fara jefowa, ga inuwar an rasa a garin da zafinsa ke wuce digiri 40. Nakan ce, "Alhaji, bari mu cire busassu da masu gogar juna da wanda ya hau kwano, sauran mu bar maka inuwarka." Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a lokaci guda. Mangwaro kuma a jira a gama cin 'ya'yansa.

Reshen da ke saman rufi ko katanga ba a sakinsa ya faɗi. A ɗaure shi da igiya ta daban wadda ta bi ta wani reshe mai ƙarfi a sama, a yanka shi gunduwa-gunduwa, na ƙasa yana sassautawa a hankali.

Idan ka ga injin yana fitar da gari maimakon ɓarzajjen katako, ko sai ka danna kafin ya ci, sarƙa ta dakushe. Sauko ka wasa ta da zagayayyen magagari daidai girman haƙoranta, yawancin waɗannan injina milimita 4 ne ko 3.2, a karkace digiri 30, kowane haƙori adadin shafa ɗaya. Sannan ka duba ɗaurinta in ta huce: ta kwanta a jikin ƙarfen ba ta lilo, amma ka iya jan ta da hannu, da safar hannu, inji a kashe.