Babi na 9: Shin Cikar Wata Tana Sauya Halin Mutum? Yadda Za Ku Gwada da Kanku

Mutane da yawa suna cewa idan wata ya cika rigima takan yawaita, ciwon mai taɓin hankali ya tashi, mata su fi haihuwa. A shekarar 1985 masana biyu, James Rotton da Ivan Kelly, sun tattara bincike 37 da aka yi a kan cikar wata da halin mutum, ba su sami wata alaƙa ta a zo a gani ba. Amma gani ya kori ji, don haka ku gwada da hannunku.

Kayan aiki: littafin rubutu mai layi, fensir, rula, da kalanda mai ɗauke da kwanan watan Musulunci.

Darasi na 1: Jan layi

Ku buɗe sabon shafi. Ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya kasu gida uku. Ku fara daga hagu, domin boko ba kamar ajami ba ne. Gidan farko na kwanan watan Turawa ne, daga 1 zuwa ƙarshen wata, kowace rana da layinta. Gida na biyu na ƙirga ne. Gida na uku ku bar shi fayau tukuna.

Ku zaɓi abu ɗaya tak da za ku ƙirga, misali faɗa a layinku, ko sau nawa jariri ya farka da dare. Ɗaya kawai.

Darasi na 2: Rubutun kullum

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, sai ku natsu. Kowace safiya bayan sallar asuba, ku rubuta sau nawa abin ya faru jiya. Idan sau biyu ne, ku sa 2. Idan bai faru ba, ku sa 0. Kada ku bar gidan babu komai. Sifiri ma amsa ce.

Me ya sa? Mutum yana riƙe daren da aka yi faɗa a farin wata, ya manta darare goma da aka yi faɗa cikin duhu, ya manta kuma daren da wata ya cika aka kwana lafiya. Sifirin nan shi ne yake tuna muku abin da zuciya ta yar.

Idan hannunku bai saba ba, kada ku damu, zagaye ɗaya ne kamar ƙwai. Sannu a hankali za ku iya. Amma ku rubuta shi. Ranar kasuwa, ku rubuta. Ranar biki, ku rubuta. Wanda ya tsallake kwana biyar sannan ya zauna ya cike gidajen da ka, ya ɓata aikinsa, ya yaudari kansa. Haba, 'yan uwa, sifiri ɗaya bai kai minti guda ba! Kuma kada ku leƙa sama ku duba wata kafin ku rubuta, don ido kan ja hannu.

Darasi na 3: Lissafi

Bayan wata shida, ku ɗauko kalanda ku cike gida na uku da kwanan watan Musulunci. Ku zagaye ranakun 13, 14 da 15, lokacin da wata yake cika. Kwana uku cikin 30 kashi ɗaya ne cikin goma. Ke nan idan an yi faɗa sau 40, kusan 4 za su faɗo a kwanakin nan ko da wata bai taɓa kowa ba. Sai ku ƙirga naku na kwanakin nan, ku ga ko ya zarce kashi ɗaya cikin goma. Duk gidan da kuka bari ba sifiri, lissafin ya karkace.

Darasi na 4: Haske

A farin wata yara sukan daɗe a dandali, manya su daɗe suna hira, barci ya ragu. Wannan aikin haske ne, fitilar lantarki ma tana yin sa. Ku rubuta lokacin kwanciya a gefe.

Darasi na 5: Mara lafiya

Mai farfaɗiya ko taɓin hankali a kai shi asibiti, kada a jira wata ya ragu. A duba ko ya sha maganinsa, ko ya sami barci.