Yadda za ka fito da zaman tattaunawa daga cikin jami'a zuwa cikin gari

Abin da ya fi ba ni haushi da tarukan jami'o'inmu shi ne kullum mu ne mu ne, malami ya hau mumbari ya karanta takarda da turanci, ɗalibai su tafa, a raba lemo da biskit a watse, alhali mai shayin da ke bakin get bai ma san an yi ba. To idan kana cikin wata ƙungiyar ɗalibai ko kai ƙaramin malami ne kana so ka haɗa zama wanda mutanen gari da ɗaliban ƙasashen waje za su zauna su yi magana tsakani da Allah, ga yadda na ga yana tafiya, daga abin da muka gwada da kuma inda muka sha ƙasa.

Fara da batun, kar ka fara da neman babban baƙo. Yawancinmu muna yin akasin haka, sai an samo wani Farfesa ko Honarabul sannan a ƙirƙiro masa take. Ka zaɓi abin da mai adaidaita sahu da mai sayar da hatsi za su iya cewa wani abu a kai ba tare da sun je aji ba. Misali rufe boda da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wanda sai a Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Wannan batu ne na siyasar ƙasa da ƙasa, amma ɗan kasuwar Dawanau ya ji shi a aljihunsa, direban da ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ko Illela zuwa Ƙonni ya ji shi, ɗalibin da ya zo karatu daga Damagaram shi ma yana da labarin yadda ya yi ya koma gida hutu. Ka ga an samu bakin zaren da zai haɗa gari da makaranta da baƙi a tabarma ɗaya. Batu ɗaya ya isa wallahi, kar ka jero uku.

Daga nan sai takarda. Ka rubuta wa ofishin kula da harkokin ɗalibai, ka sa sunan malamin da ke kula da ƙungiyarku, ka faɗi rana da wuri da batun a fili, kuma ka kai da wuri kamar sati huɗu kafin ranar, don takarda a ofis tafiyar hawainiya take yi. Ka riƙe kwafi mai hatimi a aljihunka ranar taron.

Wuri kuwa a nan ake yin ta. Mutumin gari ba ya son shiga harabar jami'a, masu gadi za su tsare shi da tambaya, ga nisa, ga shi yana jin kamar wajen ba nasa ba ne. Shi ya sa jami'o'in da suka yi dace suke da gidaje a tsakiyar jama'a. Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) tana da Mambayya a Gwammaja, gidan marigayi Malam Aminu Kano da aka mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) kuma tana da Arewa House a Kaduna, tsohon gidan Sardauna. Irin waɗannan wuraren talaka ya san su tun kafin su zama na jami'a, ba sai an yi masa kwatance ba. Idan babu irin wannan a garinku, ajin firamare na unguwa ranar Asabar ya wadatar, ko filin ƙofar gidan dagaci.

Kuma kar ka kuskura ka kafa rumfa a unguwar mutane ba ka je ka gaida mai unguwa ba. Ku je ku biyu ko uku, da shiga ta mutunci, ku durƙusa ku ce ranka ya daɗe mu ɗalibai ne mun zo neman albarka da shawara. Ka lura na ce shawara, ba sanarwa ba. Shi zai faɗa maka wanda in ba a gayyace shi ba zai ɓata abin, kuma in limamin unguwa ya faɗa bayan sallar Asuba ko Isha'i, ya fi fosta ɗari da za ka liƙa a bango. Sai ka ƙara da gidan rediyon makaranta in kuna da shi, da guruf-guruf na WhatsApp.

Yanzu ɓangaren baƙi. Mutane da sun ji an ce fahimtar al'adun ƙasashen waje sai hankalinsu ya tafi kan bature, alhali a hostel ɗinku akwai 'yan Nijar da 'yan Chadi da 'yan Kamaru, wani lokacin har da wanda ya yi shekaru a Sudan ko Masar ya dawo. Su za ka fara nema, ta hannun shugaban ƙungiyarsu. Amma don Allah kar ka mayar da su kayan kallo, a ce su sa kayan gargajiya su yi rawa a tafa musu shi ke nan. Ka ba su kujera a gaba su yi magana kan batun kamar kowa, yadda ake zaɓen magajin gari a wajensu, yadda makaranta take, abin da ya ba su mamaki da suka zo nan da abin da ya ɓata musu rai. Hanya mafi sauƙi ta sake jikin mutane ita ce harshe. Ka tambayi ɗan Maraɗi nawa ne jika, zai ce maka sefa 1000, alhali a Kano jaka naira 200 ce, dala kuma a wajensu sefa 5. In ya ce zai je likita yana nufin asibitin ne gaba ɗaya, makarantar boko kuma lakwal. Minti goma na irin wannan dattawa ma sai sun yi dariya, kuma daga nan maganar boda ta fi shiga, don kowa ya ga ashe 'yan uwa ne Faransa da Ingila suka ja layi a tsakaninsu. In da hali kowace ƙasa ta kawo ɗan abin taɓawa, ko da dambun zogale ne da shayi irin na 'yan Chadi, ba sai an yi girki na biki ba.

Harshen zaman Hausa ne, wannan ba na sassauci a kai. Wanda bai iya ba, ya yi da Faransanci ko Larabci ko turanci a samu ɗalibi ya fassara a taƙaice. Malamin da za ka gayyato ka faɗa masa tun a ofis cewa minti goma sha biyar gare shi kuma ba karatun takarda.

Mai jan ragamar zaman shi ne rabin aikin. Mu a karonmu na farko mun ba wani babban mutum makirfo ya yi gaisuwa, bawan Allah nan ya kwashe kusan minti arba'in yana jero sunayen manyan baƙi da tarihin kansa, ba wanda ya iya tsayar da shi, kafin a zo kan tambayoyi an kira Magariba kowa ya kama gabansa. Tun daga ranar muka koyi fara zama da zarar an idar da La'asar, addu'a gajera, gaisuwa a dunƙule, sannan mai jan ragama ya faɗi doka a gaban kowa tun kafin a san wa za ta fara kamawa: minti biyu ga mai tambaya, ba zagin mutum, ba kamfen. Ka samo wanda yake da ɗan shekaru da iya raha, wanda zai ce Alhaji a gafarce ni lokaci ya cinye mu, kuma Alhajin ya yi murmushi ya zauna. Ɗan aji biyu ba zai iya wannan ba ko da ya fi kowa ƙoƙari.

Mata kuma in ba ka shirya musu ba, za su zo su zauna a baya su tashi ba su ce uffan ba. Ka ware musu gefe mai kyau ba can bayan janareta ba, ka sa ɗaliba mace ta riƙe makirfo na biyu a wajensu, kuma a riƙa karɓar tambaya ɗaya daga maza ɗaya daga mata. Ka raba 'yan takardu ga wanda yake jin nauyin tashi, ya rubuta ko da ajami ne a karanto.

Abubuwa biyu da na ga suna tarwatsa zama su ne saɓanin aƙida da jam'iyya. In wani ya jawo su, mai jan ragama ya ce wannan babban batu ne da ya cancanci ranarsa daban, a koma kan boda. Haka nan ka guji sa rana dab da zaɓe, ko satin jarrabawa, ko cikin azumi sai dai in za ku haɗa da buɗa-baki. Kuɗin haya na kujeru da lasifika da man janareta da ruwan leda ku yi karo-karo ko ku nemi sashenku, don in ɗan siyasa ya biya to fostarsa za ta riga ku isa wajen.

Ka sa mutum biyu su rubuta abin da aka faɗa, ba wanda ya faɗa ba, sai in ya yarda, haka ma ɗaukar bidiyo a nemi izini musamman wajen mata da ɗaliban waje, wasu suna tsoron maganar siyasar ƙasarsu ta yawo a Facebook da fuskarsu. Bayan kwana biyu ku koma gidan mai unguwa da shafi ɗaya na abin da aka tattauna da Hausa, ku yi godiya, ku tambaye shi wane batu mutanensa suke so a zo da shi a karo na gaba, kuma ku tsayar da ranar kafin ku tashi daga zauren.